Kullen korona rage shaye-shaye ya yi ko ƙara shi? Ina son jin ta bakinku

Ummu Hanan:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun nawa zai ɗan yi tsawo, abu ne da ya daɗe yana ci na a rai, jiya kuma muka sake yin musu a kansa ni da maigidana har sai da na yi ƙwalla, shi ne na ce bari na kawo shi nan ko za a samu masu sani.

Ina da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya, shi yake bi na. Tun yana makaranta ya faɗa shaye-shaye, ya fara da kodin, ya koma tramol, daga baya har da ƙwayar barci. Wahalar da muka sha Allah kaɗai Ya sani, mahaifiyarmu hawan jininta a kansa ta same shi. Allah Ya taimake mu ya daina, kuma dainawa ta gaske, dan kafin korona ta shigo ya yi shekara ɗaya da wata bakwai bai taɓa komai ba, ya samu aiki, ya yi ƙiba, fatarsa ta dawo, duk wata yana zuwa ganin likitansa ba fashi.

Da aka sa dokar kulle a 2020, wallahi ba zan ɓoye muku ba, ni a raina murna na yi. Na ce shi ke nan an huta, ba fita, ba abokan banza, ba dila, yana gaban idonmu dare da rana. Sai ga shi an rufe wajen aikinsu, asibitin da yake zuwa suka ce sai masu larurar gaggawa kaɗai suke gani, ya koma kwana ido biyu yana danna waya, da rana kuma barci har la'asar, ya daina fitowa falo, in ka yi masa magana ya ce ba komai Yaya. A sati na bakwai muka tsince shi a ɗaki a kwance, leɓensa ya sauya launi, numfashi ɗaya-ɗaya kamar mai minshari. Allah Ya yi da sauran kwana. Da ya farfaɗo ya dinga rantse min wai abin da ya sha bai kai rabin abin da yake sha a da ba, ni kuma na ce ƙarya yake, na faɗa masa maganganun da har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Yanzu alhamdulillah ya sake tsayawa da ƙafarsa. Amma musun da muke da maigidana shi ne, shi ya ce kulle rage shaye-shaye ya yi a duniya, tunda an rufe mashaya da gidajen rawa, iyakoki a rufe, kuɗi ba su hannun mutane, kuma wai ƙanina ko da kulle ko ba kulle dama zai koma ruwa, mai hali ba ya fasa halinsa. Ni kuma zuciyata ta ƙi yarda. Toh dan Allah wanne ne gaskiya? Kulle ƙara abin ya yi ko rage shi? Sannan da gaske mutum zai sha ƙasa da abin da ya saba kuma ya kusa kashe shi?

Sista Rabi:

Wa alaikumus salam Ummu Hanan. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ƙara masa lafiya Ya tabbatar da shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 11 a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, kuma lokacin kullen ina bakin aiki.

Bari na fara da tambayarki ta ƙarshe dan ita ta fi damu na. Ƙaninki ba ƙarya ya yi miki ba. Kodin da tramol da hiroyin da fentanil duk dangi ɗaya ne, kuma aikinsu mafi haɗari shi ne danne wurin da ke kula da numfashi a ƙwaƙwalwa. Mutumin da yake sha kullum jikinsa yana sabawa, sai ya zama abin da zai kwantar da wani shi ko gezau, shi ya sa suke ta ƙara awo. Toh in ya daina na wasu makonni ma, ba sai an kai shekara ba, wannan sabawar tana tafiya, jikin ya koma kamar na wanda bai taɓa sha ba. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta manta tsohon awon, ranar da ya koma sai ya ce ai bari na sha rabin na da, a ganinsa ya yi taka-tsantsan ke nan, alhali rabin nan ya fi ƙarfin jikin da yake da shi yanzu. In kuma ya haɗa da ƙwayar barci irin su diazepam ko giya, danniya biyu ke nan a kan numfashi ɗaya. Wannan sanannen abu ne a wajenmu, shi ya sa masu shan irin waɗannan ƙwayoyin da aka sako daga gidan yari, sati biyun farko bayan fitowarsu su ne suka fi yawan mutuwa. Leɓen da kika ga ya sauya da minsharin nan, alamar iskar numfashi ce ta yi ƙaranci a jininsa. Da kun ce barci yake a bar shi ya huta, da wani labarin ake yi yanzu.

Sai musunku ke da maigidanki. Gaskiya kowa a cikinku ya riƙe wani ɓangare, amma inda aka yi ƙidaya da kyau, abin da ya fito ya fi kusa da naki. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 70,630 da ƙwaya ta kashe a 2019, a 2020 suka koma 91,799, a 2021 suka haura 106,000. Kar na yi rashin adalci, fentanil dama ta fara ɓarna a can tun kafin korona, ba kulle ne ya kawo ta ba, amma tsalle irin na 2020 ba a taɓa ganinsa a shekara ɗaya ba kafin nan. Mace-macen da ke da nasaba da giya ma a Amurkan sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 tsakanin 2019 da 2020. A Birtaniya waɗanda giya ce kai tsaye ta kashe su mutum 7,565 ne a 2019, suka koma 8,974 a 2020, sannan 9,641 a 2021, akasarinsu ciwon hanta.

Abin lura a na Birtaniyar, ba wai kowa da kowa ne ya ƙara sha ba. Masu ɗan kurɓa in an taru da yawansu ragewa suka yi tunda ba taro. Waɗanda dama suke sha sosai su ne suka ƙara, kuma hantarsu dama ta gaji. Haka ƙwayoyin gidan rawa sun ja baya a farkon kulle dan ba inda za a je a yi rawar, amma wiwi da ƙwayoyin barci, waɗanda mutum zai sha shi kaɗai a ɗaki, sai suka yi sama. Kin ga ke nan in ka ɗauki duniya a dunƙule za ka iya cewa an rage, in kuma ka je ƙidayar gawa sai ka ga an ƙaru.

Abu ɗaya kuma da ban gaji da faɗa ba, shan mutum shi kaɗai. A da in sun sha suna tare, komai lalacewar abokan nan wani zai ga ɗan'uwansa ya faɗi ya yi ihu. Kulle ya mayar da kowa ɗaki da ƙofa a rufe.

Sabon Shafi:

Salam. Anti Ummu Hanan na karanta rubutunki sau biyu, kamar labarina kike bayarwa wlh, bambancin kawai ni giya ce da ƙwayar barci. Ni ba likita ba ne, abin da ya faru a jikina kawai zan faɗa.

Mutane suna ɗauka abin da yake riƙe mai dainawa ƙarfin zuciya ne kaɗai. Akwai shi, amma ni abin da ya riƙe ni wata goma sha huɗu shi ne ranata a cike take. Ƙarfe shida na tashi, bakwai ina hanyar aiki, in na tashi na wuce filin ƙwallo, na dawo a gajiye na yi wanka na kwanta, duk Laraba kuma muna da zama da wasu irina mu bakwai da wani bawan Allah da yake jagorantarmu shi ma tsohon mashayi ne. Ba inda sha'awar za ta samu kujerar zama, in ta taso minti ashirin talatin ta wuce dan ina cikin wani abu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga ai. Rana ɗaya aka ce ba aiki, ba ƙwallo, ba zaman Laraba, sai awa 24 da ni da bango da waya, kana buɗe wayar kuma ƙidayar matattu ce, yau ƙasa kaza dubu kaza gobe ƙasa kaza, ga tunanin albashi zai shigo ko ba zai shigo ba.

Barci ne ya fara tafiya. Wannan dan Allah duk mai ɗan'uwa irinmu ya riƙe shi, in kuka ga barcinsa ya juye, dare ya zama rana, toh ku matso kusa, dan ni tun kafin na kai hannu kan komai na yi sati uku ba na runtsawa sai gari ya waye. Ƙarfe uku na dare ba wanda za ka kira, kowa na barci, zuciya kuma ta dinga cewa ƙwaya ɗaya ce kawai dan ka samu barci, ai ba buguwa za ka yi ba, magani ne. Da haka na koma. Ba da niyyar maye ba wallahi, da niyyar barci.

Maganar ba dila kuwa Anti, ki yi haƙuri, wannan lissafin waɗanda ba su san harkar ba ne. Dila bai taɓa shiga kulle ba. Lambarsa tana kaina ko na goge ta a waya, saƙo ɗaya ne, a ajiye maka a wani lungu ka fita kamar za ka zubar da shara. Abin da ya sauya shi ne kayan ya yi wuya ya yi tsada, sai aka shiga haɗe-haɗe, abin da aka miƙo maka ba lallai shi ne wanda ka sani ba, kwalin iri ɗaya amma na ciki Allah masani. Wanda ya rasa nasa kuma ba haƙura yake ba, wani abin yake komawa, na san waɗanda suka koma kan abubuwan da a da ko kallonsu ba sa yi.

An ce mana zaman namu ya koma ta Zoom da WhatsApp, kuma ba laifi an yi ƙoƙari, wasu ya taimake su sosai. Amma ni gidanmu mu tara ne, ina zan zauna na buɗe baki na ce jiya na kusa sha ba tare da ƙannena sun ji ba? Sau biyu na shiga na yi shiru na fita. Wanda ya cece ni bayan Allah shi ne jagoran namu, da ya lura na ɓace ya fara kira na duk dare ƙarfe goma sha ɗaya, ba wa'azi ba faɗa, kawai ya kake, yau me ka yi, gobe ƙarfe nawa za ka tashi. Rana ta tara na faɗa masa gaskiya. Bai ce kaico ba, cewa ya yi toh kar ka yanke lokaci ɗaya, bari mu nemo likita tukuna.

Maganar maigidanki cewa mai hali ba ya fasa halinsa, da girmamawa, ita ce maganar da ta fi kashe mana gwiwa. Yau shekarata huɗu ban sha ba. Komawar da na yi ba ta goge watanni goma sha huɗun farko ba, a cikinsu na koyi duk abin da na tashi da shi karo na biyu.

Abu Safwan:

Allah Ya ƙara lafiya, Ya shirya mana zuri'a. Ni dai zan ɗan tsaya wa maigidan Ummu Hanan, ba a maganar hali ba, wannan kam bai kyauta ba, amma a maganar ragewa yana da hujja kuma bai kamata a share ta ba.

Ku duba Afirka ta Kudu. Su da suka shiga kulle a ƙarshen Maris 2020 gaba ɗaya suka hana sayar da giya, har da sigari ma. Suka ɗage a watan Yuni, suka sake hanawa a Yuli, suka kuma sake hanawa a ƙarshen Disamba. Dalilinsu shi ne gadajen asibiti, dan masu haɗarin mota da sara da suka da faɗan buguwa suna cinye gadajen da masu korona ke buƙata. Kuma duk lokacin da aka hana sai masu zuwa da raunuka su ragu, in an ɗage su dawo. Ranar 1 ga Janairun 2021 babban asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto ya nuna hotunan ɗakin masu raunukan gaggawa ba kowa a ciki, a safiyar sabuwar shekara fa, ranar da aka saba ba masaka tsinke. Na san akwai dokar hana fitar dare a lokacin ita ma ta taimaka, amma ba wanda zai ce min rashin giyar bai yi aiki ba. Waɗannan ma rayuka ne da aka tsira da su, sai dai su ba a ƙirga su dan ba su mutu ba.

Ni kaina shekara 16 ina shan sigari, kulle ne ya raba ni da ita. A wajen aiki nake sha da abokai, a gida ban taɓa kunnawa gaban yarana ba, da aka zaunar da mu sai ya zama ko na sha su gani ko na haƙura, ga kuma tsoro dan ana ta cewa cutar huhu take kamawa. Sati biyun farko na sha wuya, masifa kawai nake yi a gida, uwargida ta yi haƙuri da ni, daga nan shi ke nan har yau. Kuma ba ni kaɗai ba ne, a Birtaniya ƙungiyar ASH mai yaƙi da shan taba ta ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya sun daina a watannin farko na annobar.

Dan haka ni a ganina in abu ya yi nisa da hannu ana rage shi, wannan gaskiya ce. Sista ki gyara min in na yi kuskure.

Sista Rabi:

Malam Abu Safwan ba ka yi kuskure ba, kuma barka da rabuwa da sigari, ba ƙaramin abu ba ne. Na Afirka ta Kudu haka yake. In giya ta yi wuyar samu, faɗa da haɗari suna raguwa, dan yawancin masu jawo su ba wai jikinsu ya kamu ba ne, buguwar dare ɗaya ce. Inda zan ƙara maka shi ne akwai wani rukunin da hanin yake zame musu wani abu daban.

Wanda jikinsa ya kamu da giya, irin mai sha kullum shekara da shekaru, in ka yanke masa rana ɗaya za ka iya kashe shi. Ba zuzutawa nake ba. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe hannu zai fara rawa, gumi, amai, bugun zuciya, daga nan wasu su fara jijjiga irin ta farfaɗiya, wajen kwana biyu zuwa uku kuma wasu su rikice gaba ɗaya, su dinga ganin abubuwan da babu, zazzaɓi ya rufe su, wannan matakin in ba a asibiti ba yana kisa. Ƙwayar barci ma haka take, ba a yanke ta lokaci ɗaya, a hankali likita yake saukar da mutum. Shi ya sa na ji daɗin abin da jagoran su Sabon Shafi ya faɗa masa, ya san abin da yake yi. Mai sigari zai sha wuya ya yi masifa kamar yadda ka yi, amma rashinta ba zai kashe shi ba, bambancin ke nan.

Indiya ta ga wannan. Da suka shiga kulle ranar 25 ga Maris 2020 aka rufe shagunan giya ba shiri, cikin 'yan kwanaki a jihar Kerala aka fara samun rahoton masu kashe kansu saboda rashinta, har gwamnatin jihar ta ce a dinga ba wa irin waɗannan giya da takardar likita, likitoci suka ƙi, kotu ta dakatar da tsarin. Birtaniya kuwa sa shagunan giya ta yi cikin waɗanda aka bari a buɗe, haka jihohi da yawa a Amurka. A Afirka ta Kudun ma kasuwar bayan fage ta buɗe, mutane suka koma haɗa tasu a gida.

Mafi muni shi ne Iran. Jita-jita ta bazu wai giya tana kashe ƙwayar cutar, mutane suka dinga sayen ta bayan fage wadda aka gauraya da metanol, sinadarin da in ya shiga jiki hanta take juya shi ya zama guba mai makantarwa da kisa. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilun 2020 sama da mutum 700 suka mutu, wasu suka rasa idanu. Har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ce shan giya ba ya kare kowa daga korona, raunana garkuwar jiki ma yake yi.

Abin da ya fi min ciwo a lokacin, ina gani aka mayar da ɗakunanmu na masu korona, aka ce wa marasa lafiyarmu su zauna a gida sai an neme su, kamar larurarsu za ta jira. Wasu ƙasashen sun yi dabara, Amurka a Maris 2020 ta yarda a ba wa masu karɓar metadon, maganin da ake riƙe masu shan hiroyin da shi, na kwana 28 su tafi da shi gida in sun daidaita, maimakon zuwa layi kullum, aka kuma yarda likita ya duba mutum ta waya. Ashe ana iyawa.

Tunda muna nan bari na faɗi wannan ko zai amfani wani. In kun samu mutum ba ya tashi ko an girgiza shi, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, kar a ɗura masa komai a baki, kar a bar shi wai ya yi barci ya wartsake, a kwantar da shi ta gefe dan kar amai ya shaƙe shi, a nemi asibiti nan take, kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, a tafi da kwalin in an gani. Akwai magani sunansa nalokson da yake warware dangin kodin da hiroyin cikin mintuna, amma sai mun san abin da muke yaƙa. Kunyar faɗa tana cinye mana lokaci sosai.

Maman Biyu:

Ni ban da ilimin ƙidaya, amma akwai waɗanda ba a sa su a lissafi, mu da muke zaune da mai shan. Shekara takwas da aurenmu ban san mijina yana sha kullum ba, na ɗauka jefi-jefi ne, dan a waje yake yi ya dawo dare ya kwanta. Kulle ne ya kawo kwalbar cikin gida. Farko sai yara sun yi barci, daga baya tun azahar, dan ba ofis ɗin da zai je da safe balle ya ji tsoron a ji wari. Ranar da ya fara ɗaga min hannu 'yata tana tsaye, kuma ba inda zan je, hanya a rufe, gidanmu nesa, maƙwabta kowa ya kulle ƙofarsa. Na kan kwanta da yaran a ɗaki ɗaya na sa sakata.

Ba na son na tsawaita. Yanzu yana karɓar magani, muna lallaɓawa, wata rana daɗi wata rana akasin haka. Kawai in ana maganar a zauna a gida dan a tsira, a tuna ba kowane gida ne wurin tsira ba. Ummu Hanan ki gaida ƙaninki, ki ce wata yayarsa tana masa addu'a.

Ummu Hanan:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Maman Biyu wallahi rubutunki ya sa ni kuka, Allah Ya kawo miki sauƙi Ya kare ki da yaran, dan Allah in abin ya sake kaiwa ga duka kar ki rufe shi a cikinki, ki samu wani babba da kika yarda da shi ki faɗa masa.

Na ba wa maigidana wayar ya karanta da kansa tun daga sama har ƙasa. Ya ce ai ga Malam Abu Safwan nan ya faɗi abin da yake nufi, na ce eh amma ka karanta na Sabon Shafi, ya yi shiru, can ya ce maganar hali dai ya janye ta.

Sabon Shafi ƙanina, maganar barcin nan ta tsaya min a rai, dan mun ga juyewar barcinsa ƙuru-ƙuru muka ce zaman banza ne kawai, har faɗa Mama take masa wai ya cika lalaci. Sati wajen huɗu yana haka kafin abin ya faru.

Sista Rabi ke kuma kin sauke min wani dutse kin ɗora min wani. Shekara da shekaru ina riƙe da cewa ƙarya ya yi min a gadon asibiti, shi kuma bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Yau in ya tashi daga aiki zan kira shi. Sannan dan Allah Sista, shi wannan nalokson ɗin ana iya ajiye shi a gida ne ko sai a asibiti kaɗai ake yin sa? Ina so na tambayi likitansa ranar da za su koma, amma ina son na san me zan ce.